Shafin aji da malam ya haɗa, ni ga abin da nake dubawa

Tun lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu malamai da yawa suka shiga harkar haɗa wa ajinsu shafi a intanet, wasu Google Sites, wasu Blogger, wasu kuma Google Classroom wanda dama tun 2014 yana nan, mu ne dai ba mu waiwaye shi ba sai da aka kulle mu a gida. Cuta ta wuce, wasu shafukan suka ci gaba, wasu kuma tun ranar ba wanda ya sake taɓa su. Na leƙa irinsu da dama, na makarantar yarana da na 'ya'yan 'yan uwa, kuma gaskiya kyan shafi shi ne abu na ƙarshe da ke damuna.

Malam ya zauna da laftof ya tsara abinsa tsaf, kala-kala, hotuna manya manya, har da bidiyo a sama, a wajensa komai ya yi zam. To amma iyayen da ya yi domin su da me za su buɗe? Yawancinmu Tecno ce ko Itel ko Infinix, wani ma wayar maman yara ce ake karɓa da daddare, netwok yana zuwa yana ɗaukewa, data kuma tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan farashinta a Janairun 2025 kowa lissafi yake da ita. Sai ka danna aikin gida ka tarar PDF ne mai nauyi, hoton allo aka ɗauka aka loda, rubutun ma ba ya karantuwa sai ka yi ta ja da yatsa, alhali tambayoyi biyar ne kacal da malam zai iya bugawa kai tsaye a shafin su buɗe nan take. Ni in na buɗe a waya ban ga aikin yau ba kafin in gaji da jira, shafin bai ci jarabawa ba, ko da kuwa ya fi na banki kyau.

Sai kwanan wata. Wallahi gara babu shafin da a ce sanarwar zangon farko ce ke zaune a sama har zango na uku, uba ya gani ya ɗauka sabuwa ce ya sa yaro karatun abin da aka wuce tuntuni. Malam ya riƙa sa rana a kan komai, sabo a sama, shi ke nan.

Wani zai ce ai ga gurup ɗin WhatsApp na iyaye, me za a yi da shafi. Haka ne, amma duk wanda ke cikin irin gurup ɗin ya san yadda jadawalin jarabawa ke nutsewa a ƙarƙashin barka da Juma'a da tallan atamfa da gardamar kuɗin PTA. Shafi wuri ne da abu zai zauna ka dawo ka same shi, a gurup sai a tura link kawai. Kuma don Allah sanarwar iyaye a sa layi biyu da Hausa, ba kowace uwa ke karanta Turanci ba, ita ce kuma ke zama da yaron.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne in ga sunayen yara da makinsu da hotunansu a shafin da kowa a duniya zai iya buɗewa. Nufin malam alheri ne, na sani, yana so ya nuna ƙoƙarin ɗalibansa, amma yaron da ya zo na ƙarshe fa? Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ce bayanan yaro sai da yardar iyayensa, kuma Google Sites yana da inda za ka taƙaita masu gani.

Duk da haka ba na son a ɗora wa malamai laifi duka, galibi da datarsu suke yi, bayan an tashi, ba ko sisi. Shi ya sa nake ganin makaranta ce ya kamata ta buɗe shafin da imel ɗinta ta kuma saya musu data, don in a Gmail ɗin malam yake, ranar da ya samu wani aikin ya tafi, shafin da duk abin da ke ciki sun bi shi.