Ranar da idon amarya ya ƙi fita a hoto

Shagona na ɗaukar hoto yana cikin birnin Katsina, ta wajen Ƙofar Ƙaura, kuma na haura shekara 20 ina cin abinci da kyamara. Da shara na fara, da riƙe wa maigidana filasha a gidajen biki, lokacin ana ɗauka da fim mai hoto 36, a kai wanki, a zauna jiran abin da Allah zai fito da shi. Yanzu ina da yara biyu a shago. Muna yin fasfo, muna yin hoton 'yan makaranta da na sauka, amma abin da ke riƙe da shagon shi ne biki: kamu, yini, ɗaurin aure, walima. Tun da waya ta shiga hannun kowa, hoton yau da kullum ya bar hannunmu. Abin da ya rage ake biyan mu dominsa shi ne hoton da za a buɗe babba a rataye a falo, a ga ƙwayar idon amarya tar, a ga zanen lallenta layi-layi. In wannan ya kuɓuce, ba ka da abin sayarwa.

Ya taɓa kuɓuce mini, a wani kamu da aka yi cikin gida bayan magariba. Wutar ɗakin ba ta da ƙarfi, ga hayaƙin turaren wuta ya cika ko'ina. Kyamarar da nake aiki da ita Canon 600D ce, wadda ta fito a 2011, na ɗaura mata lens (gilashin gaban kyamara) ɗin nan mai 50mm da ke buɗewa har f/1.8 (lambar f ma'aunin ƙofar da haske ke shiga ce, in lambar ƙarama ce ƙofar ta buɗe sosai), wanda kusan kowane mai hoto a garin nan yana da shi saboda sauƙin kuɗinsa da kyan aikinsa. A irin wannan duhu saitin da kyamara ke yi da kanta sai ya riƙa kai da komo, ya je gaba ya dawo baya, bai kama komai ba. Sai na tura ɗan makunnin da ke jikin lens daga AF (saitin inji) zuwa MF (saitin hannu), na koma murɗa zoben da hannu kamar yadda na saba tun zamanin fim. Na leƙa, na murɗa, na ga fuskar ta yi daidai, na danna. A ɗan allon bayan kyamara komai ya yi kyau. Wannan allon inci 3 ne kawai, ko hoton da ya lalace in ka gan shi a kai sai ka ɗauka lafiya yake.

Washegari da na zuba hotunan a kwamfuta, gabana ya faɗi. Idon amarya ya yi dishi-dishi, amma ɗan kunnenta ya fita. A wani kuma labulen da ke bayanta ne ya fita rangaɗau, ita kuwa kamar an shafa mata hazo. Fiye da rabin hotunan haka suke. Da uwar amarya ta zo, ban ɓoye mata ba, na juya mata allon ta gani da idonta. Ta jima tana kallo, sannan ta ce, "Haba Malam, ɗiyar tawa guda, kamun kuma ba a sake shi." Na ce, "Hajiya, gaskiyarki, laifin daga wajenmu yake." Na mayar da rabin kuɗin, na kuma je har gidan amarya bayan ta tare, ta sake sa kayan, na ɗauke ta kyauta. Sun karɓa da mutunci, amma taron wannan dare da ƙawayenta ya riga ya wuce.

Zuciyata ta tafi kan lens, don akwai ranar da ya taɓa zamewa daga kan tebur. Har na fara shirin shiga mota zuwa Kano wajen masu gyara. Kafin nan na biya ta gidan tsohon maigidana, wanda yanzu ya ajiye sana'ar, na ba shi labari. Bai ko tambayi lens ba. Ya karɓi kyamarar ya leƙa, ya miƙo mini ya ce, "Kai, leƙa ka faɗa mani. Bar kallon bangon, lambobin nan na ƙasa da 'yan akwatunan da ke cikin tagar, kana ganinsu tas?" Na leƙa da kyau. Lambobin sun ɗan baje, layukan 'yan akwatunan kuma kamar an zana su da jiƙaƙƙen alli. Kullum suna gabana, ban taɓa tsayawa na dube su ba.

A gefen tagar da ake sa ido akwai wata 'yar taya ƙarama, ba ta kai ƙwayar wake ba, ana ce mata dayofta. Aikinta shi ne ta daidaita tagar da ƙarfin idon mai leƙawa, kamar tabarau ne aka saka a cikin kyamara. A tawa tana tafiya daga -3 zuwa +1. Ba ta taɓa hoton da ke shiga katin ajiyar hotuna ko kaɗan, shi ya sa muddin kyamara ce ke yin saiti da kanta ba za ka gane an murɗa ta ba. Ranar da ka koma yi da hannu, ranar za ta nuna maka kanta, domin idonka ne alƙali, alƙalin kuma an sa masa tabaran wani. Da na bincika, ashe babban yarona, wanda ba ya ganin nesa sosai, shi ya fita da kyamarar aikin suna, ya cire tabaransa ya murɗa tayar ta dace da idonsa. Bai yi laifi ba, don haka aka yi ta. Ni ne ban duba ba kafin in fita. Akwai kuma abin da maigidana ya ƙara mini da shi, wanda na san gaskiya ne: mutum in ya haura 40 idonsa kan fara canjawa, saitin da ya yi maka shekara 5 baya ba lallai ya yi maka yau ba.

Gyaran bai ɗauki minti ɗaya ba. Ka fuskanci farin bango ko sararin sama, ka manta da abin da ke gaba, ka zuba ido kan lambobi da layukan cikin tagar, ka murɗa tayar har su tsaya siriri tas. In da tabarau kake aiki, to da shi za ka saita.

Na yi zaton an gama, amma da na yi gwaji a shago sai na ga har yanzu cikin hoto 10 da na ɗauka a f/1.8, uku ko huɗu suna kucewa. A nan ne na gane abin da ya bambanta waɗannan kyamarori da waɗanda muka koya da su. Cikin kowace akwai madubi da ke ɗaukar haske daga lens ya jefa shi sama kan wani ɗan gilashi mai kaushi, kuma hoton da ke kan wannan gilashin kake gani in ka leƙa. A tsofaffin kyamarori irin su Pentax K1000 da Yashica, an yi gilashin ne don saiti da hannu. A da yawansu akwai da'ira a tsakiya da ke raba hoto biyu, ka murɗa har bakin ƙofa ko hancin mutum ya haɗe ya zama layi ɗaya, ka san ka kama. Na yanzu an yi gilashinsu ne don tagar ta yi haske, tunda an ɗauka injin ne zai yi saiti. Illar ita ce ba ya nuna maka ainihin ƙarancin wurin da ya fita in ka buɗe lens sosai. Ko ka buɗe zuwa f/1.8, abin da tagar ke nuna maka ya fi kama da f/2.8 ko ma sama da haka. Kai kana ganin ido da kunne duk sun fita, a kati kuwa ɗaya ne kawai zai tsira.

Wurin kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Da lens mai 50mm a f/1.8 a kan irin kyamarata, in mutum yana nisan mita 2, abin da zai fita tas bai wuce kamar santimita 11 ba, gaba da baya duka. In ka matso zuwa mita ɗaya da rabi ya koma kamar santimita 6, bai kai faɗin tafin hannu ba. Numfashin da za ka ja bayan ka gama saiti, ko amarya ta ɗan sunkuyar da kai don kunya, ya isa ya fitar da idonta daga ciki. In ka rage buɗewar zuwa f/5.6 a wannan nisan na mita 2, sai ka samu fiye da santimita 30. Samarin masu hoto na yanzu suna son bayan mutum ya narke, don shi ake yayi a Instagram, ni ma ina son sa, yana da kyau. Amma ban yarda a jera amarya da ƙawaye takwas sahu biyu a ɗauka da f/1.8 ba. Na hana yarana. Hoton jama'a daga f/5.6 zuwa f/8 muke yi, in haske bai isa ba a ƙara filasha ko a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara. 'Yar tsakuwar da ISO ke sawa a hoto ana iya rage ta a kwamfuta, idon da bai fita ba kuwa ba manhajar da ta taɓa dawo mini da shi yadda nake so.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne kallo ta allon baya kai tsaye. In ka kunna shi, madubin ya ɗaga, kana ganin abin da sensa, wato ɗan farantin da ke ɗaukar hoton, ke gani da kanta, ba ta hanyar wani gilashi ba. A Canon kana iya ƙara girman wuri sau 5 ko sau 10. Ka kai akwatin kan ido, ka ƙara sau 10, ka murɗa a hankali har gashin ido ya rarrabu ɗaya-ɗaya. Yana cin lokaci, yana cin batir, kuma ya fi daɗi in kyamarar na kan ƙafa uku, amma hoton amarya ita kaɗai da na kayan lefe haka nake yin su yanzu. Idan ina sauri kuwa, ina riƙe maɓallin ɗauka rabi ina murɗawa, in wurin da na zaɓa ya kama sai ɗigon da ke ƙasan tagar ya kunna. Nikon ma tana da nata ɗigon. Sai dai tsohon lens da aka ɗaura wa Canon da zoben haɗi marar lantarki ba zai kunna maka komai ba.

Ba kowane dishi-dishi ne daga saiti ba, kuma wannan shi na fi nanata wa yara. In sun kawo hoto suna cewa, "Oga, kyamarar nan ta samu matsala," nakan ce su ƙara girmansa mu nemi inda ya fita. In akwai wurin da ya fita tas, ko bango ne ko hula, lens lafiya yake, saiti ne ya sauka inda ba a so. In babu ko'ina, kuma bakin abubuwa ya ninku biyu duk ta gefe guda, hannu ne ya girgiza. Lens mai 50mm a kan wannan kyamara yana aiki ne kamar mai 80mm, saboda sensar ƙarama ce, ana ninkawa da 1.6, girgizar hannu kuma ta fi nunawa, don haka ba na yarda saurin ɗauka ya sauka ƙasa da 1/125 na daƙiƙa in da hannu nake riƙe. In kujeru da bango sun tsaya amma masu rawa sun baje, motsinsu ne ya fi saurin ɗaukar. In kuma hoton gaba ɗaya ya yi fari-fari kamar an ɗauka ta cikin leda, a juya a duba fuskar lens da bayansa. Lokacin hunturu ƙurar Katsina ba inda ba ta shiga, ga shatin yatsa mai maiƙo, ga gilashin kariya mai araha da wasu ke ɗaurawa yana kashe hoto. A fara hure ƙurar da 'yar robar iska kafin a sa ƙyalle, in ba haka ba yashin ya karce gilashin.

A waje kuwa saitin hannu ya sha fitar da ni kunya. Ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro, in mahaya suka taso jahi, ƙura kan turnuƙe har injin ya rikice ya kama ƙurar ko kan wani ɗan kallo. Ni tun kafin su taso nake zaɓar wuri a ƙasa inda na san dawakin za su bi, in saita a kai, in sa f/8 da 1/1000 tunda rana ta wadata, in tsaya. Suna shiga wurin sai in danna. Haka nan bidiyo, don 600D ba ta bin mutum da saiti yayin da take naɗa, dole hannunka na kan zobe.

Sau ɗaya tak na samu laifin a jikin kyamara. Wata ta hannu ce na saya don ƙaramin yarona, kullum saitinsa sai ya sauka bayan mutum, ko ni na karɓa haka take yi. Na ɗora ta kan ƙafa uku, na jingina rula a karkace, na buɗe lens har ƙarshe, na saita kan lamba 15 ta tagar leƙawa na ɗauka sau biyar, kowane karo ina warware zoben in sake daga farko. Duka biyar ɗin wajen 17 ne ya fita. Na sake ta allon baya da ƙari sau 10, 15 ta fito daram. Wannan ya nuna sensa da lens ba su da komai, tafiyar haske zuwa tagar ce ba ta yi daidai da tafiyarsa zuwa sensa ba. Wannan karon na shiga mota zuwa Kano. Mai gyaran ya buɗe ya tarar ɗan gilashin da ke saman madubi bai zauna daidai a gurbinsa ba, alamar wani ya taɓa cire shi don gogewa ya mayar a karkace. Ya zaunar da shi, muka sake gwajin rula a gabansa, 15 ta fita.

Yanzu kowa a shago da kyamararsa, kuma na manna ɗan salatif a kan 'yar tayar tawa don kada gogar jaka ta murɗa ta. Duk wanda zai fita aiki, kafin ya rataya jaka sai ya fuskanci farin bangon da muke ɗaukar fasfo ya leƙa, ya karanta mini lambobin da ke ƙasan tagar, sannan ya ɗauki kalandar da ke jikin ƙofa ya ƙara girmanta mu ga ƙananan rubutun.