Zaman ko-ta-kwana: yadda na fara tuƙin jirgin fasinja a Amurka

Kusan duk sabon matuƙin jirgin fasinja a Amurka da zaman ko-ta-kwana yake farawa, komai ƙwarewarsa. Ranar da kamfani ya ɗauke ka za a ba ka lamba a jerin matuƙansa, kuma lambar nan ce za ta riƙa yanke maka kusan komai har ka cika shekara 65 doka ta sauke ka: garin da za ka riƙa tashi, irin jirgin da za ka tuƙa, ranakun hutunka, da lokacin da za ka zama kyaftin. Tamkar layin lodi ne a tasha, wanda ya riga shigowa shi ke fara ɗauka. Na sama su zaɓi jadawalin wata da suka san farkonsa da ƙarshensa, na ƙasa kuwa su rungumi waya suna jira, ko wani ya kwanta rashin lafiya, ko ƙanƙara ta tsare wani a wani gari, ko awannin wani sun ƙare. Wanda ya bar kamfaninsa ya koma wani, ko shekara 20 ya yi yana kyaftin, ƙasan jeri zai sake komawa.

Ni Chicago aka tura ni, iyalina kuma suna Houston. Yarjejeniyar da ƙungiyar matuƙanmu ta ƙulla da kamfani ta raba jiran gida uku. Akwai dogon kira, inda za a sanar da kai aƙalla awa 12 kafin lokacin da ake son ganinka. Akwai gajeren kira, wanda a wurinmu awa 2 kake da su daga bugun waya zuwa isa filin jirgi. Sai na uku, zaman filin jirgi, ka sa yunifom ka je ka zauna a ɗakin ma'aikata da jakarka a gefe. Sabon shiga gajeren kira ne rabonsa, kuma mutum ba ya tashi daga Houston ya isa filin jirgin O'Hare na Chicago cikin awa 2. Dole na kama gado a irin gidajen da matuƙa ke haɗa kuɗi su yi haya kusa da filin jirgi. Gadaje ne wani kan wani, kowa da ɗan fitilarsa, ba a kunna wutar ɗaki don ba ka san wanda ya sauka ƙarfe biyun dare ba. A falo nake shimfiɗa darduma da asuba, wayata a gaba, don ba a kashe ta cikin awannin jira. Wanka ma da ita nake shiga, in ɗora ta kan tawul.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin ya zauna a kaina shi ne littattafai biyu ne ke mulkin rayuwata. Na farko dokar FAA ce, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, Sashe na 117, wadda ta fara aiki a Janairun 2014. Ita ruwanta da gajiya kawai. Ta ce kafin kowane aiki ko gajeren kira sai an ba ka hutun awa 10, a ciki da damar barcin awa 8 ba katsewa. A cikin kowace awa 168 sai ka samu awa 30 a jere babu wani aiki a kanka. Ba za ka wuce awa 100 a sama cikin awa 672 ba, ko awa 1,000 cikin kwana 365. Littafi na biyu shi ne yarjejeniya, kuma a nan sauran rayuwar take: kwana nawa za ka huta a wata, wa za a fara kira cikin masu jira, ko za a iya cin ranar hutunka, da abin da za a biya ka in an ci. Kwamfutar ofishin raba aiki ba kasafai take barin a taka doka ba, domin tarar hukuma ba wasa. Yarjejeniya kuwa sai mai ita ya tsare abinsa.

Wani tsohon kyaftin da na yi tafiya da shi farko-farko, da ya ga ina duba jadawali a waya, cewa ya yi, "Yaro, agogonka ba daga lokacin da suka kira yake farawa ba. Daga lokacin da ka fara jira ne." Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne sabbi suka fi rikicewa. A gajeren kira awannin jira ba sa wuce 14, sannan idan aka haɗa jira da aikin tuƙi, ga jirgi mai matuƙa biyu, jimillar ba ta haura awa 16 daga farkon jira, wani lokaci ma ba ta kai hakan ba.

Wata rana cikin hunturu jirana ya fara ƙarfe 5 na asuba. Shiru har rana ta yi tsaka, sai ga kira: in iso ƙarfe 2, zango huɗu. Jadawalin hukuma ya ba wanda ya fara aiki ƙarfe 2 na rana awa 12, wato har 2 na dare. Amma ni tun asuba nake ɗaure, don haka ƙarfe 9 na dare ne iyakata. A takarda zangon ƙarshe zai sauka kafin 9 da 'yan mintoci. Sai dusar ƙanƙara ta sauko, muka shiga layin feshin narkar da ƙanƙarar fukafukai, kowane zango yana cin na bayansa. Kafin mu hau na huɗu na zaro biro na yi lissafi a bayan takardar mai, na miƙa wa kyaftin. Ya duba, ya ɗaga waya. Doka ta yarda a ƙara har awa 2 idan wani abin da ba a zata ba ya taso, amma sai da amincewar kyaftin, kuma kowannenmu sai ya tabbatar da cewa jikinsa zai ɗauka. Ya dube ni ya ce, "Kai fa?" Na ce idona ya fara nauyi tun saukar da ta wuce. Bai ƙara tambaya ba. Aka taso da wani daga zaman filin jirgi ya karɓe ni, ni kuma aka kai ni otal.

Mai gani daga nesa zai ce wannan ai tsirfa ce. Dokar nan da rayuka aka saye ta. Ranar 12 ga Fabrairu 2009 jirgin Colgan Air mai lamba 3407 ya faɗi kusa da birnin Buffalo a jihar New York, mutum 50 suka mutu. Bincike ya ɗora babban laifin kan yadda aka sarrafa jirgin lokacin da gudunsa ya ragu, amma ya kuma fito da yadda matuƙan suke rayuwa: mataimakiyar daga Seattle ta taso cikin dare zuwa Newark don kama aiki, kyaftin ɗin kuma a Florida yake zaune. Iyalan mamatan suka matsa wa majalisa har ta yi doka a 2010, daga nan aka samu Sashe na 117 da sharaɗin awa 1,500 kafin a ɗauki mataimakin matuƙi. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne dokar ba ta tilasta wa jiragen dakon kaya zalla ba, alhali su ne suka fi kowa tashin dare.

Wani abin da ya yi mini ɗaci da farko shi ne ka'idar yi yanzu, ƙorafi daga baya. Ma'aikatan jiragen sama a Amurka suna ƙarƙashin dokar ƙwadagon jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa ta shafe su a 1936. A ƙarƙashinta yarjejeniya ba ta mutuwa, lokacin gyaranta ne kawai ke zuwa, kuma yajin aiki ba ya halatta sai an bi doguwar hanyar hukumar sasanci ta ƙasa. A aikace, idan mai raba aiki ya ba ka tafiyar da ta saɓa yarjejeniya amma ba ta saɓa doka ba kuma babu haɗari a cikinta, ba ka da ikon ƙi. Za ka faɗa masa sashen da ya taka, ka nemi a rubuta, ka je ka yi aikin, sannan ka kai wa wakilin ƙungiya. An taɓa tsallake mutum biyu da ke gabana a layin kira aka ɗora mini tafiyar da ta shiga ranar hutuna. Na yi ta, na rubuta lokacin kiran da abin da aka faɗa, na ɗauki hoton jerin masu jira kafin ya sauya. Bayan watanni aka biya ni ƙari aka mayar mini da rana. Da ban ɗauki hoton nan ba, da maganata ce kawai da tasu. Masu raba aikin kansu ba mugaye ba ne. Mutum ne da jirage da yawa babu matuƙa a gabansa da fasinjoji cike da zaure, duk wanda ya ɗaga waya shi ne mafita. Shi ya sa a lokacin hutu, da ba dole a kaina in amsa, nake barin ta yi ta ƙara.

Ta fuskar kuɗi jiran bai da laifi sosai. Ana biyan matuƙi ne da awannin tafiyar jirgi, amma mai ko-ta-kwana yana da mafi ƙarancin da aka lamunce masa, a wurinmu awa 75 a wata, ko ya tashi ko bai tashi ba. Akwai watan da na sha zama har na gaji da zaman, albashi kuma ya shigo cif.

Inda jiran ke cin mutum shi ne gida. Ranakun hutu 12 ne a takarda, amma mai zuwa aiki daga wani gari yana ƙona ɗaya wajen tafiya, ɗaya wajen dawowa, yana bin kujerar da ta rage a jirgi ko 'yar kujerar ɗakin tuƙi. Yarjejeniyarmu ta kare wanda ya tanadi jirage biyu da za su kai shi kan lokaci amma duka suka cika, ba za a hukunta shi ba, sai dai kuɗin tafiyar ya wuce shi. Ranar Sallah kuwa ba ta cikin ranakun da kowa ke rububi, don haka nakan yi musaya da abokan aiki: in riƙe musu Kirsimeti, su riƙe mini Sallah, duk da sai na kama kwana biyu saboda ganin wata. Wata rana mai ɗakina ta ce, "Abban yara, kai da kake da awa 2 ka isa wurinsu, mu awa nawa za mu ba ka?" Ƙarshen zangon karatu muka kwashe kaya muka koma wata unguwa mai tafiyar minti 30 daga O'Hare, inda nake yin jiran a falona, yunifom a goge a rataye bayan ƙofa.