Alƙali ƙafa yake kallo

Yawancinmu da muka shiga wasan jimnastik a Kano daga alkafurar kan yashi muka fito. Duk inda aka jibge yashin gini a unguwa, nan ne filinmu, gwani kuwa shi ne wanda ya fi juyi a sama, ko da gwiwa ya dira. Na yi shekaru ina atisaye a hannun koci, yanzu kuma ni nake koya wa yara.

Kocinmu yakan tara mu kan wayarsa ya sa mana wasan Kohei Uchimura na Japan, ya ce, "Samari, ku bar kallon sama, ku dubi ƙafarsa." Mutumin zai saki sandar ƙarfe, ya yi ta juyi, ya dira kamar an kafa turke, ko motsi babu.

A nan makin yake. Tun 2006 kashi biyu ake haɗawa: na wahalar abin da ka yi, da na tsabtar aiki, wanda ke farawa daga 10 ana zaftarewa. Ɗan taku bayan dira 0.1 ne, babban taku 0.3, faɗuwa kuwa maki ɗaya cur. Gwiwa ta lanƙwashe ko ƙafafu sun rabu a sama, duk alƙali yana rubutawa. Uchimura ya ci kambun duniya na haɗakar wasannin maza shida sau shida a jere, daga 2009 zuwa 2015, ga zinaren Olamfik a Landan 2012 da Riyo 2016. A Riyo, Oleg Verniaiev na Yukren ne ke gaba har wasan ƙarshe. Uchimura ya dira daram, Verniaiev kuwa ya ɗan yi tsalle, Uchimura ya yi nasara da tazarar maki 0.099. Tun daga nan, yaron da ya zo wurina sai ya gaji da tsallowa daga kan benci yana tsayawa cak kafin in bar shi ya juya.

Kayan aiki kuwa sai dabara. Wasan kewaya ƙafafu a kan dokin katako da bokiti muka koye shi: a rataye shi da igiya, ka zura ƙafafu ciki, ka dafa ƙasa ka yi ta zagayawa. Da hunturu tafin hannu ya riga ya bushe, kana kama ƙarfe fatar za ta sale, farar hodar da muke shafawa ta shiga ciwon. A kan wannan dokin Uche Eke ya ciyo wa Najeriya zinare a wasannin Afirka na Rabat a 2019, ya kuma zama ɗan jimnastik ɗinmu na farko a Olamfik. Amma a Amurka ya tashi, ya yi wasa a Jami'ar Mishigan, don haka ba na haɗa shi da yarana in ce ga abin da suka kasa.

Jiki ma yana da iyaka. Uchimura ya ji ciwo a idon sawu a gasar duniya ta Mantiriyal a 2017 ya fice daga gasar, ya faɗo daga sanda a Olamfik ɗin Tokyo, ya yi ritaya a 2022. Shi ya sa da yaro ya ce wuyan hannunsa na ciwo nake zaunar da shi. Kwanan baya wani uba ya ce mini, "Koci, ai namiji ne, bar shi ya jure." Na ce, "Alhaji, ƙashinsa bai gama ƙwari ba, a ba shi sati biyu." Bai so ba, amma ya yarda.