Situdiyonmu da mawaƙan da aka ce yayinsu ya wuce

Yawancin masu shigowa situdiyona zatonsu za su tarar da samari masu askin gayu suna tsalle gaban makirufo, sai su ga dattijo ya naɗe ƙafa kan darduma yana kurɓar shayi, mai kalangu a gefensa yana ta gyaran igiyoyi. To aikinmu kenan. Ɗan ƙaramin wuri ne a nan Kano, ba nisa da Zoo Road, ɗaki biyu da ɗan falo, ni da yarana, amma abin da muka ƙware a kai ba kowa ke son taɓawa ba, wato mawaƙi mai zaman kansa da shekaru suka fara ja, shi ke rubuta waƙarsa shi ke rera abarsa, ba kamfani a bayansa ba furodusan fim, kuma kasuwar da ta ɗaga shi a da yanzu ko alamarta babu.

Ni ɗan zamanin kaset ne. Wajen ƙarshen shekarun 1990 na fara zuwa gun ogana, Allah ya jiƙansa, lokacin fiyano ƙirar Yamaha ita ce komai a situdiyon Kano, ita ce ganga ita ce sarewa ita ce goge, kwamfuta kuwa sai dai labari. Aikina na farko goge kan na'ura da auduga da sifirit, naɗe wayoyi, da zuwa sayen mai in NEPA sun ɗauke. A lokacin in mawaƙi ya yi tuntuɓe a baitin ƙarshe, to fa sai an koma tun daga farko, babu yanke nan a manna can, shi ya sa mawaƙan wancan zamani ba sa zuwa sai waƙa ta zauna musu daram a ka. Oga bai bar ni na taɓa mikisa, wato na'urar haɗa sauti, ba sai da ya gwada ni yadda yake so, ya sa na juya baya ina kallon bango 'yan amshi huɗu suna yi, ya ce "Faɗa min wacce ce ta sauka daga kari." In na canka daidai ya yi shiru, in na yi jinkiri ya ce kunnena na ado ne. Wallahi wannan horon nake ci har yau, domin duk manhajojin haɗa waƙa irin su Cubase da FL Studio da muke taƙama da su yanzu, ba mai ba ka kunne a cikinsu.

A wancan lokaci in an gama aiki masta, wato asalin kaset ɗin da aka ɗauki waƙar a kai, ake ɗauka a kai wa 'yan kasuwar kaset, irin na Ƙofar Wambai, a buga dubbai, su tafi Kaduna da Jos da Sakkwato, su tsallaka Maraɗi da Damagaram, har zangon Kumasi sai ka ji muryar mutum tana tashi a shagon tela. Mawaƙi kuma mafi yawa sayar da waƙar yake gaba ɗaya, a ba shi kuɗi dunƙule ya sayi babur ko ya ƙara aure, magana ta ƙare. Sai faifan CD ya zo ya kori kaset, sannan waya da memori suka zo suka kori kowa, masu tura waƙa suka kafa tebur da laftof a kowace kasuwar waya suna loda wa mutane waƙoƙi ɗari a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, mai waƙar ko kwabo. Wannan abu har gobe yana min ciwo, mutum ya kwana yana tufka baiti, wani da bai san ko amshi ba shi ke cin riba. To waɗanda suka yi tashe a wancan zamani su ne yanzu suke da shekara hamsin da wani abu zuwa sittin, kuma su ne mutanena.

Abin da na lura da shi, wanda ya dogara da waƙar da wani ya rubuta masa da wuri yake ɓacewa, da zarar furodusoshi sun samu sabuwar murya shi kenan. Mai rubuta tasa kuwa yana da wuyar mutuwa a sana'a. Ku dubi marigayi Ɗan Maraya Jos, haifaffen Bukuru a 1946, kuntigi ne kawai a hannunsa mai tsirkiya ɗaya, ba rundunar makaɗa ba 'yan amshi, ba fadar da ya jingina da ita, waƙoƙinsa kan talakawa da masu ƙananan sana'o'i da zaman aure, amma har tsufansa ana kiran sa taro, har ya rasu a Jos cikin watan Yuni na 2015 ba a daina sauraronsa ba. Shata ya rasu tun 1999, Barmani Choge a 2013, kuma yau ɗin nan ka shiga mota zuwa Katsina ko Funtuwa da wuya ka sauka ba ka ji ɗayansu ba. Magana ce ke riƙe da su, ba bit ba, wato kiɗan da ake ɗora waƙa a kai.

Akwai wani dattijo da muke aiki da shi, ba zan kama suna ba, Baba muke ce masa. Ya yi tashe sosai zamanin kaset, daga baya aka daina jin ɗuriyarsa, har wasu na cewa ya rasu. Kafin ya zo wurina ya je wani situdiyo irin na yanzu, laftof ɗaya da makirufo na roba da manhajar sata, yaron ya ɗora masa bit mai gudu irin na gala, ya zuba masa Auto-Tune, manhajar nan mai gyara murya, har wuya. Da ya kunna min a waya sai ya ce "Ɗana, don Allah wannan ni ne?" Na ce ranka ya daɗe ba kai ba ne, wannan na'ura ce ke waƙa da bakinka. Irin waɗannan situdiyo na cikin lungu su suka lalata mana farashi kuma suka lalata kunnen mutane, waƙa a awa ɗaya an gama an tura ta WhatsApp, murya duk iri ɗaya, ba ka bambance ɗan shekara ashirin da kakansa.

Ga yadda muke yi. Da farko ba na kunna komai, zama muke ya rera min baitocin da baki kawai ina saurare, in nemo inda muryarsa ta koma zama, domin murya tana canzawa da shekaru, inda yake hawa da sauƙi a da yanzu sai ya yi ta maƙure wuya. Sai in sauke kiɗan mataki ɗaya ko biyu, in rage gudu kaɗan, ba don ya gaza ba, don kalmominsa su samu wurin fita, shi fa dukiyarsa kalma ce, in bit ya taka ta an yi asara. Ba na ɗaukar muryar dattijo da sassafe, sai bayan la'asar in maƙogwaro ya saki, ruwan sanyi haramun ne a ɗakin, shayin citta da kanumfari da zuma shi ne a fulas. A zaune nake ɗaukar Baba, kan darduma kamar yadda ya saba yi a gidan biki, in sauko da makirufo daidai bakinsa in ɗan kauce da shi gefe don iskar harafi kar ta buga, kuma in muryar mutum ta yi kaushi ina ajiye mai tsadar nan mai kwasar komai in ɗauko makirufo ƙirar Shure, ta fi yi wa irin wannan murya adalci. Numfashin da yake ja kafin ya shiga baiti ba na goge shi duka, yaran yanzu sharewa suke tas, ni kuwa a wurina nan ne za ka ji mutum ne mai rai a gabanka, da ɗan karkarwar nan da ke zuwa ƙarshen ɗango, wadda ba kuɗin da zai saya maka ita kana saurayi. Murya irin wannan kamar tsohuwar tukunyar ƙasa ce, in ka kankare baƙin jikinta ka kankare ɗanɗanon miyar.

Kalangu kuma na gaske muke sawa, ba na cikin fiyano ba. Shi ma da nasa hali, da damina fata ta sha laima ta saki sai an shanya ta ko an ɗan gasa, da hunturu ta bushe ta yi tsauri sautin ya haura sama, don haka in an fara waƙa ina so a gama kiɗanta a zama ɗaya kafin yanayi ya juya. Kuma kalangu da kukuma da garaya ba sa bin ma'aunin fiyano sak, suna da nasu lanƙwasa, mu muke karkato fiyano ta bi su, ba su za a tilasta wa bin ta ba. Wannan kaɗai sai ya ci mana yini, kuma a nan ne rigimar ciniki ke tasowa, mutum ya zo ya ce ai wane a bayan layi rabin wannan yake karɓa. Sai in ce Alhaji je ka wurinsa, hanya a buɗe take, amma mai kalangu da 'yan amshi ba iska suke ci ba, ga kuɗin mai tun da aka cire tallafi a 2023, sai da muka koma sola don kar ƙarar janareto ta riƙa shiga mana cikin murya. Da yawa suna tafiya, da yawa kuma suna dawowa da waƙar a waya a gyara musu, ni kuma ba na gyaran aikin wani, sabo muke ɗauka.

Mutane na tambaya to me irin su Baba suke ci yanzu tunda ba kaset. Biki da suna na nan, musamman gidajen da uwar amarya ta tashi da jin waƙoƙinsa, ita ce za ta dage sai shi. Akwai naɗin sarauta, wanda ke son mai iya jero asali da kirari, abin da yaro ba zai iya ba ko an rubuta masa. Akwai waƙoƙin faɗakarwa na rediyo, rigakafi da awon ciki da tsafta, masu ba da aikin sun gane mutanen karkara sun fi yarda da muryar da suka sani. Sai kakar siyasa, wadda ni nake jin tsoro, yaran ɗan takara su zo da gaggawa a kwana ana aiki, waƙa ta zaga gari a motar kamfen, ranar biya kuma waya a kashe, in ya faɗi zaɓe ma kar ka wahalar da kanka. Yanzu dokar wurina ita ce a biya kafin a taɓa fiyano, ko waye ya aiko.

Ɗaya aikin da nake alfahari da shi shi ne ceto tsofaffin kaset. Iyali su zo da leda cike da TDK da Maxell da suka kwana shekaru a ƙarƙashin gado, wasu sun yi funfuna wasu zaren ya tsinke. Sai in kwance ƙusoshin nan biyar, in ɗauke zaren a hankali in mayar da shi cikin sabon gida, in ɗan soson da ke danna zare ya faɗi in manna wani, inda ya tsinke in haɗa da siririn tef. Sannan akwai wani ɗan sukuru a gefen kan na'ura da nake murɗawa kaɗan kaɗan ina saurare, sai ka ji muryar da ta dusashe ta buɗe tar, domin kowane kaset da irin karkatar na'urar da aka ɗauke shi da ita. Kaset mai minti 90 minti 90 zai ci, ba a gaggauta shi, kuma a WAV nake ajiyewa, wato fayil ɗin da ba a rage ingancin sautinsa ba, kafin in yi MP3 na waya. Ranar da Baba ya ji wata waƙarsa da shi kansa ya manta ya taɓa yi, tashi ya yi tsaye yana bin baitin da baki yana cewa yaran su kira masa mai kalangu yanzun nan, kuma ita muka sake ɗauka da muryarsa ta yau.

Bayan nan muna buɗe wa mutum tasharsa ta YouTube da sunansa, da lambarsa da imel ɗinsa, ba nawa ba, mu ɗora a Audiomack da Boomplay. Ina gaya musu gaskiya tun farko, YouTube ba sa fara raba kuɗin talla sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, ba abin dare ɗaya ba ne, amma tsofaffin waƙoƙi suna da masu nema a Saudiyya da Sudan da Kamaru da duk inda Bahaushe ya yi zango, kuma wani lokaci sai yara su tsinci baiti ɗaya a TikTok su yi ta yawo da shi. Matsalar ita ce sau da yawa za ka tarar wani can ya riga ya ɗora waƙoƙin mutum a tasa tashar da hoton da ba nasa ba yana karɓar kuɗi, masu turin nan ne dai suka koma intanet. Muna kai ƙorafi a sauke, kuma tunda an sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023 nake dagewa komai a rubuta a takarda, wa ya rubuta waƙa, wa ya yi kiɗa, wa ke da masta. A wurina masta na mawaƙi ne, ranar da aka gama aiki nake damƙa masa a filas, in kuma ce ya ba babban ɗansa ko 'yarsa kwafi.

Duk mai mahaifi ko kawu ko gwaggo da suka taɓa waƙa, ko da begen Annabi ne ko amada ko waƙar noma, ya lalubo kaset ɗin ya kawo, amma don Allah kar a gwada shi a tsohuwar rediyon gida kafin a zo, ita ce ke taune zare, yawancin waɗanda suka gagare ni gyara a nan aka kashe su. A sa shi a leda a kiyaye shi daga rana. In kuma mai waƙar na raye kuma yana da sauran baitoci a ka, a zo da shi bayan la'asar.