Kafin ki biya kuɗin koyon rawa, ki san wace rawa kike nema

Duk wadda ta kira ni ta ce "Anti ina so in koyi rawa", tambayar farko da nake mata ita ce ta me? Don rawar da amarya za ta shiga da ita wajen dina daban take da wadda ƙawaye za su yi ranar kamu, ita ma daban take da ta yaran makaranta masu shirin ranar al'adu, balle kuma uwargida da likita ya ce ta riƙa motsa jiki saboda hawan jini. Kowacce da irin malamar da ta dace da ita.

Amarya dai ba tsalle ake so ta yi ba, taku ake so da rausaya. Ga doguwar riga mai jan ƙasa, ga takalmi mai tsini, ga ɗaurin kai da aka kafe da fil, ga masu liƙi sun yi mata zobe, in aka koya mata rawar da sai ta duƙa ta miƙe to wallahi kunya za a sha gaban dangin ango. Shi ya sa ni a satin ƙarshe dole ta zo da takalmin da za ta sa ranar, mu yi da shi, in ɗaura mata zani mai nauyi ta saba da jan sa, in koya mata inda za ta ajiye ido da yadda za ta juya ba ta ba wa mai hoto baya ba. Wannan ba a bidiyo ake ganewa ba, sai an tsaya a kanki.

Amma yanzu kowa malamar rawa ce. Yarinya ta kwana biyu tana kallon TikTok ta haddace taku huɗu, gobe ta buɗe shafi ta karya farashi, sai ki ji kwastoma na ce min ai wance rabin kuɗinki take karɓa. To Hajiya ki je wajen wance ɗin mana. Rabinsu nan suke dawowa saura kwana uku biki, ƙawaye goma kowa da inda ƙafarta ta nufa, a ce Anti ki taimaka.

Ni a dandali na fara, wajen gaɗa, inda ba sipika ba komai sai tafi, in kika saɓa tafi ɗaya 'yan mata su yi ta miki dariya har gida. Goggona kuma mai kiɗan ƙwarya ce a gidajen biki, ita ta fara ce min kunne ke rawa kafin ƙafa. Daga baya na zauna hannun wani dattijo da ya yi rawar Koroso a Kano, irin wadda ake ɗaura kacau-kacau a ƙafa ana yi da sarewa da duman girke. Mutumin nan ko kallonki ba ya yi, ƙarar ƙafarki kawai yake saurara, da kin riga kiɗa ko kin makara zai ɗaga hannu a tsaya a sake. Har yau haka nake yi wa ɗalibaina, musamman yaran makaranta, don rawar gargajiya in aka cakuɗa ta da ta fim duk wani babba da ke wajen zai gane.

Don haka kafin ki ba da ko sisi ki ce za ki zo ki kalli aji ɗaya. Ki duba ko malamar tana gyara wa mutum ɗaya ɗaya ko ita dai tana gaba tana burge kanta a madubi. Ki sa a canja kiɗa daga na DJ zuwa kalangu ki ga ko za ta iya bi. In motsa jiki ya kawo ki, ki lura ko ana ɗumama jiki kafin a fara, kuma ko ta tambaye ki ciwon gwiwa ko na baya. Ki tambaya ko maza na shigowa, ko ana ɗaukar bidiyo a watsa ba izini, wajena dai mata zalla ne kuma waya a jaka take zama har a tashi.

Masu biki kuma dan Allah ku riƙa zuwa da wuri, ko da wata guda ne, kuma a zo da ƙawayen gaba ɗaya ba yau biyar gobe uku ba.