Ga masu shirin fita waje: asarar da ake yi a teburin ɗan canji

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya zo yi mini sallama, zai tafi umararsa ta farko. Na tambaye shi yadda ya yi da guzuri. Ya ce, "Kawu, ai kuɗin suna cikin asusuna. Ranar tafiya zan sayi riyal a filin jirgi, sauran kuma in riƙa cirewa da kati a can." Na ce nawa ake sayar da riyal yau? Bai duba ba. Nawa bankinsa ke yanka idan ya cire kuɗi a ƙasar waje? Bai taɓa tambaya ba. Yaro ne mai ilimi, waya ba ta barin hannunsa, amma kuɗin da ya daɗe yana tarawa zai miƙa su ba lissafi. Raina ya ɓaci, kuma rabin ɓacin ran a kaina ne, domin abin da yake shirin yi shi na yi shekaru ina yi.

Na daɗe ina sayen riyal da naira a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, kafin tafiya, ina ganin na yi dabara tunda zan sauka Jidda da kuɗin ƙasar a aljihu. Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne riyal ba shi da farashin kansa. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure shi da dalar Amurka a kan riyal 3.75 kowace dala, kuma har yau haka yake. Saboda haka farashinsa na gaskiya a naira shi ne farashin dala a raba shi da 3.75. Mu ɗauka ana sayar da dala naira 1,500, to riyal ya kama naira 400 ke nan. Idan ɗan canji ya ce maka 420, naira miliyan ɗaya da rabi za ta ba ka riyal 3,571. Idan kuwa ka sayi dala 1,000 da kuɗin nan, ka canza ta a shagon canji a Makka a kan 3.73, za ka karɓi riyal 3,730. Kusan riyal 160 sun tafi, sama da naira 60,000, ba tare da an sace maka ko kwabo ba. Ɗan canjin bai cuce ka ba. Riyal ba ya yawo a Kano kamar dala, yana daɗewa a hannunsa, kuma da azumi ko aikin hajji ya gabato kowa shi yake nema, dole ya ɗora.

Ina da uzuri, kuma ba zan ɓoye shi ba. A lokacin farashi sai abin da ɗan canji ya faɗa, babu inda za ka duba ka gwada. Kuma wanda bai taɓa sauka a ƙasar da ba ya jin yarenta ba, tsoron a ce ba shi da kuɗin mota ya fi masa tsoron asara. Amma lissafin rabawa da 3.75 ba ya bukatar intanet, biro da bayan ambulan sun isa, kuma ban yi ba. Wani lokacin ma lissafin yakan juya: bayan alhazai sun dawo da ragowar riyal suna neman naira, yakan yi araha a Wapa har ya fi bin ta dala. Wannan ma na sha wuce shi, saboda ban san abin da zan gwada da shi ba.

Da na koma sayen dala, sai na faɗa wani ramin. Duk takardar da aka miƙo mini karɓa nake yi, in dai lissafi ya cika. A Amurka kowace takardar dala, tsohuwa ko sabuwa, kuɗi ce. A teburin ɗan canji na Makka ko Dubai ko Alƙahira kuwa ba haka ba ne. Wadda ake so ita ce 'yar ɗari mai shuɗin zare a tsakiya, wadda aka fara fitarwa a watan Oktoban 2013. Fara mai babban kai, ta 1996 zuwa gabanin mai shuɗi, wasu su karɓa, wasu su rage mata farashi. Mai ƙaramin kai ta kafin 1996 kuwa sau da yawa turo maka ita za a yi. Haka takarda mai hatimi, ko rubutun biro, ko 'yar yagewa a gefe, ko wadda gumi ya jiƙa a lalita ta yi tabo. Ƙananan takardu, 'yan biyar da goma da ashirin, su ma a wurare da yawa farashinsu bai kai na 'yan hamsin da ɗari ba. Idan aka haɗa maka dala 1,000 da tarkace irin waɗannan a farashin sabuwa, an rage maka kuɗi tun kafin ka hau jirgi. Kunya ce ta riƙa hana ni mayarwa, ina ganin kamar zan nuna wa mutum ban yarda da shi ba. Alhali shi kansa idan ka kawo masa dala sai ya ɗaga kowace takarda ya duba.

Dubawar ba wuya. Ka karkata 'yar ɗarin, za ka ga ƙararrawa da lambar 100 suna motsi a cikin shuɗin zaren, domin saƙa shi aka yi a jikin takardar, ba bugawa ba. Ƙararrawar da ke cikin hoton gidan tawada tana sauya launi daga jan ƙarfe zuwa kore. Ka ɗaga ta ga haske, fuskar Franklin, mutumin da hotonsa ke jikin takardar, za ta bayyana a farin gefen dama. Ka shafa kafaɗarsa da farce, za ka ji kaushi. Minti biyar sun ishe ka duba takarda goma. Matasan yanzu sai su shafe awa suna zaɓen rigar waya a kasuwa, amma a ƙirga musu dala su zuba a jaka ko kallo ba su yi ba. Wannan abu yana ba ni haushi ƙwarai.

Filin jirgi kuwa, a nan na fi yin asara, a nan kuma na fi samun abin kare kaina. Mutum ya kwana a hanya, ga harami a jiki, ga layin shige da fice, ga neman layin waya da kuɗin mota. A wannan hali duk farashin da ke kan allo daidai ne a wajensa. Masu shagon sun san haka, kuma hayar da suke biya a filin jirgi a kanka za su fanshe. Idan aka ba ka 3.60 maimakon 3.73 na cikin gari, riyal 130 ke nan a kan dala 1,000. Laifina shi ne ina canza duka a wurin don in huta, maimakon 'yar ɗari guda da za ta kai ni masauki. Teburin otal ma haka yake, wani lokacin ya fi muni. Kuma kada rubutun "babu kamasho" ya ruɗe ka, sun riga sun saka shi a cikin farashin. Allon yana da layi biyu, na saye da na sayarwa, kuma kai da ka zo da dala layin da suke saye shi ne naka, wato mafi ƙanƙanta. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: idan na ba ka dala 500, riyal nawa za ka sa mini a hannu? Ka yi ta a shago biyu ko uku da ke jere, ka ba da fasfo, ka ƙirga a gabansa, ka karɓi rasit.

Akwai kuma jiran farashi, wanda ya fi kama da ciwo. Na jira dala ta sauko ta hau, na yi gaggawar saye ta sauko washegari. Wanda ya ga 2024 ya san abin da nake nufi: a watan Fabrairu dala ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa tsakiyar Afrilu ta dawo ƙasa da 1,200, daga baya ta sake hawa. Babu ɗan canjin da ya san gobe, balle kai mai tafiya sau ɗaya. Shawarar da muka gada ta cewa a je banki a nemi PTA, wato dalar guzuri da banki ke sayar wa matafiyi, ita ma ta rage ƙarfi. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji wuri ɗaya, dala a banki tana wajen naira 460, a kasuwa kuma ta haura 700, don haka dala 4,000 da ake ba matafiyi a wata uku riba ce babba. Yanzu ratar ta tsuke, kuma a farkon 2024 aka ce a riƙa zuba kuɗin a kati maimakon a ba da su a hannu. Har yanzu yana da kyau ka tambayi bankinka, ka cike fom A na neman kuɗin waje, ka haɗa da fasfo da biza da tikitin dawowa, amma ka gwada farashinsu da na kasuwa tukuna.

Kati kuma yana da tarkonsa. Idan ka saka shi a na'urar biya ko ta cire kuɗi a waje, sau da yawa za ta tambaye ka ko a cire da kuɗin ƙasar ko da dala. Na sha danna dala, ina ganin ita na sani. Wannan dannawar ita ce ke ba bankin mai na'urar damar yi maka canji a farashin da ya ga dama, kuma ya fi na kamfanin katin tsada. Kullum ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake tsaye a cikinta. Na'urar cire kuɗi tana iya yankar wani adadi a kowace cirewa, bankinka ma ya yanki nasa, don haka cire riyal 200 sau biyar ya fi cire 1,000 sau ɗaya tsada. Katin naira yana da iyakar abin da zai kashe a waje, kuma an yi shekarun da bankuna suka rufe shi gaba ɗaya. Wanda ya dogara da shi kaɗai yana iya tsayawa a gaban kanta ya ƙi aiki.

Abin da na fi jin kunyarsa shi ne kwaɗayin farashi. Wani ya ce ka zuba masa naira a Kano, ɗan'uwansa zai ba ka riyal a Makka a farashin da babu shi a kasuwa. Akwai 'yan kasuwa masu amana da ke wannan harka, na sani, kuma da shi nake lallashin kaina. Amma ba ka da rasit, ba ka da wanda za ka kai ƙara, kuma ba ka san asalin kuɗin da za a miƙo maka ba. Malamai sun sharɗanta canjin kuɗi ya kasance hannu da hannu, kuma ko ta fuskar kasuwa kaɗai wannan sharaɗin kariya ne. Na yi kwanaki ina bin lambar waya a ƙasar mutane, lokacin da ya kamata ina Harami. Wanda ya tare ka a bakin titi da farashin da ya fi na shago, a ƙirga zai fanshe, ko ya cusa jabu a tsakiya.

Masu zuwa Nijar ko Kamaru ko Chadi, lissafinku daban ne. Sefa da yuro aka ɗaure ta, 655.957 kowane yuro, don haka yuro ya fi dala sauƙin canji a can. Kuma sefar Nijar ba ita ce ta Kamaru da Chadi ba, darajarsu ɗaya amma ba a cin kasuwa da ɗaya a ƙasar ɗaya, sai ɗan canji ya yanki nasa. Dirhamin Dubai kuwa kamar riyal yake, 3.6725 kowace dala.

Na zauna da niyyar jero shawarwari da yawa, amma da na duba, kaɗan ne suka rage. Ka raba sayen dalarka gida uku a cikin makonnin da suka rage maka, kada ka jira ranar tafiya, kada kuma ka zauna kana hasashe. Ka karɓi 'yan ɗari masu shuɗi kawai, ka sa su a ambulan cikin leda, ba a naɗe ba. Ka tafi da riyal kamar 300 daga gida ko da ya yi tsada, duk da abin da na faɗa a sama, domin shi zai hana ka tsayawa a shagon filin jirgi. Na ce kada ka dogara da kati, kuma ina cewa kada ka ɗauki duk guzurinka a takarda, domin a cikin cunkoson ɗawafi ana yanke jaka, kuma dalar da ta ɓata ba ta dawowa. Ka bar wani kaso a katin dala, ka gwada shi da ƙaramar sayayya kafin ka bar gida. Idan kuma guzurinka bai wuce dala 300 ba, kada ka ɓata yinin ibada kana zaga shaguna a kan riyal goma.

Idan abin da ke hannunka ya haura dala 10,000, ka bayyana shi a fom ɗin kwastam kafin ka fita daga Najeriya. Bayyanawa ba ta cin ko kwabo, ɓoyewa kuwa tana iya cinye kuɗin duka, kuma ƙasar da za ka sauka tana da tata iyakar. A can, ka riƙa canzawa kaɗan kaɗan gwargwadon bukata, domin duk riyal ɗin da ka dawo da shi sai ka sake biyan ratar saye da sayarwa, dalar da ba ka taɓa ba kuwa tana nan yadda take. Sulalla ka kashe su ko ka yi sadaka da su kafin ka shiga jirgi, babu mai karɓarsu a Wapa. Takardun da ka ajiye don wata tafiya su ma ka riƙa bibiyarsu, domin ƙasashe suna janye tsofaffi: Ingila ta daina karɓar fam 20 da fam 50 na takarda a kasuwa bayan 30 ga Satumban 2022, kuma duk wanda ya bar su a akwati sai ya bi ta banki kafin su yi masa amfani.