Ashe OFFSET ne ke ja min

Jiya har ƙarfe biyu na dare ina ɗaki a Unguwar Rimi ina fama da manhajar wani shago da na haɗa, shafin farko na buɗewa nan take amma da an yi nisa sai ta tsaya cak, kwastomomi na ta ƙona data suna jira, wallahi abin ya dame ni. Ashe in ka ce wa PostgreSQL (rumbun da ke ajiye bayanan manhajar) OFFSET 100000, wato ya tsallake layukan bayanai 100000 na farko, sai ya bi layukan nan duka ya zubar kafin ya miƙo layuka ashirin ɗin da kake so a shafin. Na koma riƙe lambar layin ƙarshe da aka nuna a shafi, a kawo min waɗanda ke bayanta kawai. Yanzu ba tsallake zuwa shafi na 50, sai dai "na gaba", amma Alhamdulillah kowanne shafi gudu ɗaya.